Me ya sa 'yan mata ke sayar da keken ɗinki bayan an yaye su?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ana koya wa 'yan mata marasa galihu ɗinki wata 6, a yaye su, a ba kowacce keke. Kafin shekara ta zagayo wasu sun sayar, wasu sun jingine shi a lungu. Me ya kamata a ƙara a koyarwar?

Malam Sani Tela:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Yawancin kekunan da ake cewa sun lalace lafiyarsu ƙalau, gyara ne ba a koya musu ba. Yarinyar da ba ta da kuɗin kai wa makaniki kuwa, ajiyewa za ta yi.

Idan zare na cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi, kada ta taɓa bobin, wato abin da ake naɗe zaren ƙasa a kai, tukuna. Galibi zaren sama ne aka zura alhali ƙafar da ke danne yadi tana ƙasa, sai bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba. Ta ɗaga ƙafar, ta cire zaren, ta sake zurawa. Idan ɗinki na tsallake, allura ce: ta dakushe, ta lanƙwashe, ko ba a tura ta har ƙarshe ba. Lamba 11 ta yadi marar nauyi ce, 14 ta auduga, 16 ta mai kauri irin jins. A canza ta bayan kamar awa 8 na aiki. Mai kuma na keke kawai, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa. Man girki danƙo yake zama, ya riƙe keken.

Malama Hadiza:
Gaskiya ne Malam, amma lissafi ya fi kashe su. Sai ta kirga yadi, ta manta zare, zip, maɓalli, wuta da lokacinta, ta yanke kuɗin da ba ya mayar da jari. A sa ta auna awa nawa riga ɗaya ke ci mata, ta sa wa awar farashi, sannan ta ɗora riba.

Littafi ɗaya ya isa: sunan mai kaya, awo, ranar karɓa, abin da aka biya, ciko. Rabin kuɗi kafin alƙalami kafin ta sa almakashi, kuma kaya ba sa fita sai an cika. Uwar kuɗi a ajiye daban da na cefane, don buƙatar gida ita ke fara cinye ta. Wannan sai an zauna da iyaye ko miji tun farko, ba da yarinyar kaɗai ba.

Anti Bilki:
Kada a jira yaye. Daga wata na 4 su fara karɓar gyara, rage tsawo da canza zip, malama na dubawa. Kuma a koya musu jiƙa yadin auduga ya bushe kafin yanka, in ba haka ba rigar za ta tsuke a wankin farko, mai kaya ba za ta dawo ba.