Zafin Gwanzu a watan Yuli da hadarin da ke tasowa da rana: ina neman bayani

Ɗan kasuwa, Injamena:

Assalamu alaikum. Sau biyu ina zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin sayen kaya, kuma duk a watan Oktoba ne, lokacin babbar kasuwar baje koli, amma bana dole ta sa tafiyar za ta faɗo a tsakiyar Yuli. Tun makon jiya nake duba hasashen yanayin garin a wayata, kullum abu ɗaya take nunawa: zafi digiri 33, da alamar girgije mai walƙiya, da kashi 60 cikin ɗari. Abu biyu ne suka shige mini duhu. Mu da muka saba da digiri 42 a watan Afrilu, me ya sa ƙanena da ke zaune can yake ce mini zafinsu ya fi namu wahalarwa? Na biyu kuma, idan har ruwa za a yini ana yi kwana goma a jere kamar yadda na fahimci alamar, yaya zan yi da lodin kwalayen yadi daga shaguna zuwa sito? Ina roƙon wanda ya san abin ya warware mini.

Malamin labarin ƙasa, Marwa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙanenka bai yi ƙari ba. Ka tuna da randar ƙasa da ke tsakar gidanka a watan Maris: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, busasshiyar iska tana kwashe shi, shi ya sa kake ɗebo ruwa mai sanyi alhali gari ya ɗauki zafi kamar tanderu. Jikin mutum ma haka Allah ya yi shi, domin gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe. A Injamena da Kusuri gumi yana bushewa tun kafin ka lura da shi, sai dai ka ga farin gishiri a bayan riga. A Gwanzu kuwa iskar da ke hurowa daga tekun kudancin Sin ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar naka, sai gumin ya yi ta zuba yana jiƙa tufafi ba tare da ya rage maka komai ba. Da za ka kai randar nan can, ruwanta ba zai yi sanyin da ka sani ba.

Masana suna da lissafin da ke haɗa zafi da laima, wato danshin iska, wanda wayoyin da aka saita da Faransanci suke rubutawa ressenti. A wannan lissafi, digiri 32 tare da laima kashi 70 cikin ɗari yana kai jiki kusan digiri 41, kuma a inuwa ake nufi, wanda ke tsaye cikin rana nasa ya wuce haka. Ga shi kuma dare ba ya kawo sauƙi, domin a Yuli zafin garin yakan tsaya wajen digiri 25 ko 26 har asuba. Saboda haka ka riƙa duba kason laima tare da zafin.

Tsohon ma'aikacin auna yanayi, Garwa:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ina da ɗan gyara a jimlarsa ta ƙarshe. Kason laima yana ruɗar mutane, domin yana hawa da asuba yana sauka da rana ko da ruwan da ke cikin iskar bai ƙaru ba bai ragu ba. Abin da mu muke dogara da shi a bakin aiki shi ne matakin raɓa, wato point de rosée, sanyin da iska za ta sauka zuwa gare shi kafin ruwa ya fara kwanciya a jikin abu, kamar yadda yake yi a jikin kwalbar da aka fito da ita daga firji. A watan Maris a wajenmu yakan kasance ƙasa da digiri 10. A Gwanzu a Yuli yana kai 24 ko 25, kuma duk inda ka ga 24, to ka san numfashi ma zai yi nauyi.

Batun ruwa kuma, Alhaji, ka kwantar da hankalinka, ba yini ake yi ana yinsa ba. Kashi 60 ba yana nufin za a cinye kashi 60 na yinin ana ruwa ba ne. Ma'anarsa ita ce a cikin ranaku goma masu irin wannan yanayi, ana sa ran shida daga cikinsu ruwa zai taɓa wurin da kake, ko da na minti ashirin ne.

Bari in faɗi yadda abin yake haɗuwa, don sanin hakan ya fi alamar waya amfani. Da rana ta ɗaga, ƙasa da kwalta da gine-gine suna yin zafi da sauri fiye da ruwan teku. Iskar da ke kan tudu sai ta yi sama, iska mai laima ta kwararo daga teku da bakin kogi ta maye gurbinta. Inda wannan iska ta yi karo da ta tudu, ko ta ci karo da duwatsun da ke arewacin garin, ba ta da mafita sai sama, a can ta huce ta zama girgije. Da hantsi za ka ga ƙananan farare kamar auduga a warwatse, zuwa azahar wasunsu sun miƙe sun yi tsiri, idan kan ɗaya ya baje ya yi faɗi gindinsa kuma ya yi baƙi, to ruwa ya kusa. Yawanci tsakanin ƙarfe biyu da shida na yamma ake yinsa, kuma hadari guda bai cika wuce sa'a ɗaya ba.

A nan ne idon mutumin ƙasarmu yake iya yaudararsa. Mu mun tashi mun tarar hadari daga gabas yake zuwa, a jere kamar bango mai tsawon ɗaruruwan kilomita, iska da ƙura suna gabansa, har mata su samu damar kwashe shanya, yara su koro awaki. Na can sau da yawa a kan mutum yake haɗuwa, faɗinsa bai wuce 'yan kilomitoci ba, sai ka ga unguwa guda ta jiƙe sharkaf, ta kusa da ita ko ɗigo. Wannan ƙanƙanta ita ce ke wahalar da masu hasashe. Kwamfutocin da ke lissafin yanayin duniya suna raba sararin sama gida-gida, kowane gida kilomita 9 zuwa 13, kuma abin da bai fi gida ɗaya ko biyu girma ba ba ya fitowa sosai a lissafin. Daga balan-balan ɗin awo da ake saki sau biyu a rana, ana iya sanin cewa yau iska tana da laima da ƙarfin tashi, don haka za a yi hadari a yankin. Amma a ce unguwa kaza da ƙarfe kaza, wannan sai hoton rada, na'urar da ke hango ruwa a cikin girgije, shi ma sa'a ɗaya ko biyu kawai yake hangowa. Hasashen kwana goma da kake kallo ba ya gaya maka komai face cewa damina ce.

Abu ɗaya da ba na so ka yi wasa da shi shi ne aradu. Idan ka ga walƙiya ka fara ƙirga, kowane daƙiƙa uku kafin ka ji tsawa kilomita ɗaya ne tsakaninku. Da zarar kunnenka ya ji tsawa, ka shiga gini ko mota, ka kuma dakatar da masu lodi har a yi rabin sa'a da jin ta ƙarshe.

'Yar kasuwa, Ngaundere:

Baba ya gama magana a kan ilimin abin, ni abin da na gani da idona zan ƙara. Wata shekara a watan Agusta na bar kwalayen atamfa a ƙofar wani sito da ƙarfe uku, gari tas, na shiga ofis muna lissafi. Ban cika minti talatin ba aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwalayen ƙasa suka narke, rini ya zuba a kan na kusa da su. Tun daga ranar ba na yarda a ɗaga mini kaya sai da safe, daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya, kuma sai an lulluɓe su da tamfol ko da rana tana ƙwalla.

Ka kuma sa ido a lokacin cika kwantena. Idan an rufe ta da kwali mai danshi da iskar garin a ciki, a hanya ruwan yakan taru a rufinta ya riƙa ɗiga a kan kaya, kuma ka san tsawon tafiyar teku zuwa Duwala, sannan jirgin ƙasa zuwa nan wajenmu, sannan mota zuwa Injamena. Ka sa a rataya buhunan tsotse laima a ciki, kuɗinsu bai kai asarar bandir guda ba.

Hukumar yanayi ta garin tana fitar da gargaɗi da launuka, rawaya da ruwan goro da ja, na ruwa daban na zafi daban, kuma ƙanenka zai riƙa ganinsu a wayarsa. Idan na ruwa ya kai ja har makarantu ake rufewa. Sai kuma mahaukaciyar guguwar teku, wadda lokacinta ke nan, daga Yuni zuwa Oktoba. Wadda ake kira Mangkhut ta faɗa wa lardin da Gwanzu take ciki ranar 16 ga Satumba, 2018, aka soke tashin jirage, tashoshin jiragen ruwa suka tsaya. Ita wannan ana hango ta kwanaki kafin ta iso, saboda haka ka bar rarar kwana biyu ko uku a tikitinka.

Tsohon ma'aikacin auna yanayi, Garwa:

Hajiya ta tuna mini da wani abu. Kwana ɗaya ko biyu kafin guguwar ta iso, iska takan kwanta, sama ta yi hazo, zafi ya wuce na kullum har ya kai 36 ko 37, saboda iskar da ke gefen guguwar tana saukowa ƙasa tana ɗumama. Mutum zai ɗauka ranar aiki ce tunda babu alamar ruwa, alhali ita ce ranar da zafi ya fi kayar da mutane. Idan ka ji jiri ko ciwon kai, ko ka ga wani ya fara magana a ruɗe, a kai shi wuri mai sanyi, a jiƙa masa jiki, a nemi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ɗan kasuwa, Injamena:

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Baba da Hajiya. Na kira ƙanena yanzu, mun mai da lodin ƙarfe takwas na safe, zai kuma saka mini manhajar rada a waya idan na sauka. Saura tambaya ɗaya ga Hajiya: buhunan tsotse laimar nan, guda nawa kike sawa a kwantena mai ƙafa 40, kuma a sito ake samunsu ko sai na saya na kai da kaina?