Haramtawa Ko Hanawa? Rigimar Da Ta Tashi Kan Ƙa'idar Amfani Da AI A Ofis

Injiniya: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, kuma sai na amayar. Ofisoshi sun cika da ma'aikatan da ke kwafar takardun aiki suna zubawa a ChatGPT na kyauta, manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira (AI), da asusun kansu, a wayar kansu: takardar albashi, kwantiragi, jerin abokan ciniki da lambobin wayarsu, har da BVN. Shugabanni kuwa sun naɗe hannu. Wanda ya ɗan motsa a cikinsu sai ya sa a kwafo masa ƙa'ida mai shafi talatin daga wani kamfanin Turai, a sauya suna, a jefa a durowa. Samsung da girmansa, a farkon 2023 injiniyoyinsa suka liƙa rubutun manhajar kamfanin a ChatGPT don ya duba musu, zuwa watan Mayu an haramta musu amfani da shi a na'urorin kamfani. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Matsayata ɗaya ce: duk ofishin da bai haramta saka takardun aiki a manhajar AI ta kyauta ba, ya sayar da amanar abokan cinikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Mai ja, bisimilla.

Baba Odita: Wa'alaikumussalam. Injiniya, gyara kalmarka tukuna. Haramtawa ba hurumin manaja ba ce. Manaja hani yake yi. Halal da haram suna da Mai su.

Injiniya: Baba, ranka ya daɗe, gida na ci da wuta kana tambayar launin bokiti.

Ɗan Fagge: Haba Baba. Kullum rediyo na cewa gwamnati ta haramta kaza. A 2013 da aka tsayar da acaɓa a Kano, bakin kowa cewa yake an haramta acaɓa, ba malamin da ya ce an yi saɓo. Hausa ta daɗe da aron kalmar nan zuwa harkar mulki.

Baba Odita: Yawan masu kuskure ba ya mayar da shi daidai, ɗana.

Barista: Ina bayan Baba, amma dalilina daban ne. A takardar ƙa'ida kalma ita ce komai, domin da ita za a ladabtar da mutum gobe. In ka rubuta "an haramta AI", me ka haramta? Manhajar da ke gyara rubutu a imel AI ce. Mai fassara AI ce. Wadda ke shiga taron Zoom ta rubuta abin da aka faɗa AI ce. Kenan ranar da ka sa hannu, rabin ofishin sun karya doka, har da kai. Dokar da kowa ke karyawa kuwa, ranar da ka ɗauko ta don korar mutum ɗaya, lauyansa zai tambaye ka a Kotun Ma'aikata me ya sa shi kaɗai. Abin da ake rubutawa shi ne: ba a saka bayani iri kaza a manhajar da ba ta cikin jerin da kamfani ya amince da su. Sai a liƙa jerin a baya, da kwanan watan da aka sabunta shi da sunan jami'in da ke riƙe da shi. Wannan hani ne mai iyaka, ana iya kare shi.

Injiniya: To ai abin da na faɗa kenan. Na ce takardun aiki, na ce manhajar kyauta. Wa ya ce a haramta AI gaba ɗaya?

Barista: Ka ce "haramta".

Injiniya: Ikon Allah.

Anti Larai: Ɗan Fagge, misalinka na acaɓa kanka ya dawo. Da aka tsayar da babura mutane ba su daina fita ba, A Daidaita Sahu suka koma. Hanin ya zauna ne saboda akwai abin hawa na biyu. Ka toshe ChatGPT a kwamfutar ofis ba tare da ka ba ma'aikaci wani abu ba, zai ɗauki hoton takardar da wayarsa, ya kunna datarsa, ya gama aikinsa a bayan idonka. A da kana ganin rabin abin da ke fita, yanzu ba ka ganin komai. Shi ya sa mu masu kula da ma'aikata ba ma son kalmar nan. Wanda aka ce masa abu haramun ne, in ya yi kuskure ɓoyewa zai yi, ba zai zo ya faɗa ba.

Ƙa'idar da ke aiki ba ta wuce shafi biyu. A kasa bayanan ofis gida uku. Kore: abin da ya riga ya fita duniya, kamar talla da sanarwa da farashin da ke manne a bango, wannan a saka a kowace manhaja. Ɗorawa: takardun cikin gida da babu sunan kowa a ciki, kamar daftarin wasiƙa ko tsarin aiki, wannan sai a manhajar da kamfani ya biya, da asusun kamfani. Ja: NIN, BVN, lambar asusun banki, albashi, takardar asibiti, kalmar sirri, kwantiragin da ba a sa wa hannu ba, wannan ba ya shiga ko'ina sai da rubutaccen izinin jami'in kare bayanai. Ƙarƙashin kowane launi a ba da misali biyar daga ainihin takardun ofishin, domin masinja da sakatariya su gane ba sai sun tambaya ba.

Ɗan Fagge: Anti, ja ɗin naki ai shi ne haramun ɗin. Kin sauya masa riga ne kawai.

Anti Larai: Haramun da ake bayar da izininsa a rubuce? A ina ka taɓa ji?

Baba Odita: Madalla da Larai. Abin da nake faɗa tun ɗazu.

Mai Kwamfuta: Ku bar batun kalma ku ji inda ake faɗuwa. Mutane na zaton in an goge suna shi kenan takarda ta zama kore. Ka goge suna ka bar lambar waya, unguwa, muƙami da ranar ɗaukar aiki, a ofis mai mutum arba'in ko ɗan goyo zai gane wane ne. Na biyu, "kyauta" da Injiniya ya kama ba ita ce iyakar ba. Ma'aikaci na iya biyan kuɗin wata daga aljihunsa, asusun dai nasa ne, ranar da ya ajiye aiki duk hirarrakin da takardun da ya ɗora suna tafiya da shi. Abin dubawa shi ne asusun na wane ne. Kafin a saka wata manhaja a jerin Barista, tambaya huɗu ake yi wa mai sayarwa, kuma a rubuce: kuna horar da manhajarku da bayananmu? Kwana nawa kuke ajiye su? A wace ƙasa? In muka ce a goge, wa zai tabbatar an goge? OpenAI, masu ChatGPT, dai sun ce ba sa horarwa da bayanan asusun kamfanoni sai in an ba su izini. A asusun mutum ɗaya kuwa sai ya shiga saitin da kansa ya kashe. Mutum nawa ne suka san da maɓallin?

Injiniya: Shi ya sa mafita ita ce Copilot, manhajar AI ta Microsoft. Yana cikin gidan da imel da takardun kamfani suke, ba abin da ke fita waje.

Mai Kwamfuta: Ga dillalin Microsoft ya fito. Copilot yana ganin duk abin da mai amfani da shi ke da izinin gani. A yawancin ofisoshi akwai wata tsohuwar jaka a SharePoint, ma'ajiyar takardu ta Microsoft, da aka buɗe wa kowa shekaru da suka wuce aka manta. A da ba wanda ya san tana nan. Ka kunna Copilot, ƙaramin ma'aikaci ya tambaya nawa ne albashin darakta, ya zaƙulo masa. Bayanin bai fita waje ba, gaskiya ne, a cikin gida ya tashi hankali. Kafin a kunna shi sai an bi jaka jaka an rufe duk wadda aka buɗe wa kowa, a fara da ta albashi da ta ladabtarwa, sannan a gwada da mutum goma na wata guda.

Injiniya: Gemini, AI ɗin naku na Google fa, waliyyi ne? Shi ma da izinin da ke kan Drive, ma'ajiyar takardu ta Google, yake aiki.

Mai Kwamfuta: Ban ce waliyyi ba ne. Na ce kai dillali ne.

Barista: Ku dawo kan doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ba kamfani awa 72 daga lokacin da ya san bayanan mutane sun fita ta hanyar da ka iya cutar da su, ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Tarar manyan masu riƙe da bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ƙanana kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2. Saboda haka ƙa'idar ofis ta ce duk wanda ya liƙa abin da bai kamata ba ya sanar cikin awa 24, ta imel ɗaya da kowa ya sani, ya faɗi abin da ya saka, a wace manhaja, da ƙarfe nawa. Kuma a rubuta ƙarara cewa wanda ya kawo kansa ba za a hukunta shi kamar wanda aka kama ba. Da kalmar Injiniya a saman takardar, wa zai kawo kansa?

Injiniya: Lauyoyi ne za su koya mana hattara? A New York, a Yunin 2023, alƙali ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a ƙarar da aka kai kamfanin jirgin Avianca, saboda sun gabatar da tsofaffin shari'o'i guda shida da ChatGPT ya ƙirƙira musu. Ko ɗaya babu ita a duniya. Wanzami ba ya son jarfa.

Barista: Su wa suka ɗora wa Air Canada manhajar hira da ta yi wa fasinja bayanin ƙarya kan rangwamen tikitin zuwa ta'aziyya? Lauyoyi? A Fabrairun 2024 kotun ƙananan ƙararraki a British Columbia ta sa kamfanin ya biya, ta ce abin da ke shafinsa maganarsa ce. Irinku ne suka haɗa ta.

Injiniya: Wakilan kamfanin kuma suka je suka ce wai manhajar ce ke da alhakin maganarta, ba kamfanin ba. Kotu ta yi watsi da su.

Anti Larai: Duk biyun darasi ɗaya ne, kuma layi ɗaya ne a ƙa'ida: wanda ya sa hannu shi ke da laifi. Duk adadi, duk kwanan wata, duk sashen doka da AI ya kawo, sai an gan shi a asalin takarda kafin ya fita.

Mai Kwamfuta: Anti kar ki yi mana wa'azi, naku na nan. A 2018 kafar labarai ta Reuters ta ba da labarin Amazon ya watsar da manhajar tantance masu neman aiki, saboda ta koya daga takardun shekara goma da maza suka fi yawa a ciki, sai ta riƙa rage wa mata maki.

Anti Larai: Injiniyoyi suka gina ta, ƙanina. Kuma shi ya sa ɗaukar aiki, ƙarin girma da kora ba a bar wa manhaja ita kaɗai. Dokar 2023 da Barista ta ambata ta ba mutum haƙƙin ƙin hukuncin da na'ura zalla ta yanke a kansa. Dole a samu mutum mai suna da ya duba, ya rubuta dalili.

Ɗan Fagge: To ga abin da zai kashe bakin Baba. Dokar AI ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki 1 ga Agustan 2024, ta jera abubuwan da ba a yi sam, daga Fabrairun 2025, ciki har da sa na'ura ta karanci yanayin zuciyar ma'aikaci daga fuska ko murya, in ba don lafiya ko tsaro ba. Wannan da Hausa me za ka kira shi in ba haramtawa ba?

Baba Odita: Hani mai tsanani.

Ɗan Fagge: Kai jama'a!

Hajiya Mai Kanti: Ni tambayata daban. Akwai manhajar da ke gano rubutun da AI ya yi? A saka ta a ƙa'idar mana, duk wanda aka kama a yanke masa albashi.

Mai Kwamfuta: Hajiya kar ki soma. OpenAI da kansu sun fitar da irinta a farkon 2023, suka janye ta a Yuli saboda ba ta cika dacewa ba. Za ki yanke albashin wanda ya yi rubutunsa da guminsa. Abin da ya fi shi ne a ce duk takardar da za ta je wa abokin ciniki ko hukuma, mai ita ya rubuta a rajistar cikin gida cewa ya yi amfani da manhaja kaza wajen abu kaza.

Injiniya: An bar jaki ana dukan taiki. Awa uku kenan, ba wanda ya amsa maganata: ofishin da ya bar takardun mutane na zuba a asusun ma'aikata ya ci amana ko bai ci ba?

Baba Odita: To, a matsayina na mai kula da zauren nan, bari in naɗe tabarmar. An yi ittifaƙi cewa kalmar "haramta" ba ta dace ba, a addinance da kuma a dokance, kamar yadda na nuna tun farko, Barista da Larai suka ƙarfafa da hujjoji masu nauyi. Ɗan Fagge ya kawo acaɓa da Turai, duka biyun ba su tsaya ba. An amince a kasa bayanai gida uku, a sanar da kuskure cikin awa 24, sannan a riƙa bitar ƙa'idar duk wata shida, kuma odita ne ya fi cancanta ya jagoranci bitar. Rigimar Microsoft da Google ta yara ce, ban ƙirga ta ba. Injiniya ya yi niyya mai kyau, Allah ya ƙara masa sanin Hausa.

Injiniya: Wane ittifaƙi? Kuma wa ya ambaci wata shida da odita a duk hirar nan?

Baba Odita: An rufe wannan babi. Masu azahar su tashi.