Wai lingzhi laimar kwaɗi ce?

Ɗan Guangzhou: Jama'a, yau raina ya ɓaci. Tun daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin na ɗauko garin lingzhi, wani maganin gargajiyarsu, na kawo wa Baba saboda hawan jini. Wani yaron likita ya ɗaga gwangwanin da yatsa biyu, wai a daina ba shi "wannan laimar kwaɗin", tana iya tsinka jini tunda yana shan asfirin. Abin da mutanen Sin suka rubuta a littafin magunguna na Shennong kusan shekara 2000 da suka wuce!

Baban Walid: Laimar kwaɗi? Wannan ai raini ne, Alhaji. Laimar kwaɗi a juji take fitowa bayan ruwan sama. Lingzhi a kututturen itace take tsira, ja ce mai ƙyalli kamar an shafa mata mai, ga tauri ga ɗaci.

Malamin Hausa: A Hausa dai duk danginsu ɗaya. Wadda ake ci ce naman kaza.

Bazazzage: Mu ba ma cewa haka.

Baban Walid: To wa ya tambayi Zazzagawa Hausa?

Bazazzage: Gara mu da ku masu "zan ke zuwa".

Anti Nas: Kun bar Baba da jininsa kuna faɗa a kan kwaɗo. A 2015 masu binciken Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwajen da aka yi wa masu ciwon sukari, ba su ga lingzhi ta sauke hawan jini ko sukari ko kitsen jini ba. Alhaji, kar a ajiye maganin asibiti.

Ɗan Guangzhou: Binciken Turawa ke nan, Anti. Maganin maleriyar da kuke bayarwa ba daga tazargaden Sin aka samo shi ba? A shekarar ma mai binciken nan 'yar Sin, Tu Youyou, ta ci kyautar Nobel a kansa.

Anti Nas: Ita sai da ta gwada, har a jikinta.

Baban Walid: Anti, kar dai likitan ƙaninki ne?

Bazazzage: Alhaji, tunda ka dawo, ina labarin kayana da ka ce suna cikin kwantena tun kafin azumi?

Ɗan Guangzhou: Nan ba wurinsa ba ne.

Shugaban zaure: To a tsaya haka. A taƙaice, kowa ya yarda likitan bai kyauta ba, kuma Malam ya tabbatar lingzhi naman kaza ce mai daraja. Anti ta kawo wata magana ta Turawa, mun gode. Ina da sauran gwangwani shida, mai so ya kira ni bayan la'asar.

Malamin Hausa: Ni yaushe na faɗi haka?