Ƙanena mai shan-inna yana so ya kama ɗaki ya tsaya da ƙafarsa, Hajiya ta ce sam

Maman Khairat:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda abin ya shafa ko suke da ɗan'uwa irin nawa. Ƙanena ne shan-inna ta taɓa shi tun yana ƙarami, ƙafafunsa duka biyu ba sa ɗaukarsa, a waje da keke yake yawo, a cikin gida kuma rarrafe yake da silifas a hannu. Amma kai kam Alhamdulillah, ya yi NCE ya gama, kuma duk wayar da ta lalace a layinmu shi ake kawo wa, har matan aure aiko yara suke. To yanzu sa'anninsa duk sun yi aure wasu har da 'ya'ya, shi kuma ya tada balli wai sai ya kama ɗaki a waje ya buɗe shagon gyaran waya da POS, ya gaji da a ce komai sai an yi masa. Hajiyarmu ta ce ba da yawunta ba, wai wa zai ɗebo masa ruwa, in wuta ta tashi da daddare fa, in ɓarayi suka shigo fa, sai kuka. Ni kuma ina tsakiya, shi ya ce na fi kowa fahimtarsa, ita ta ce ni nake zuga shi.

Ya nemi aikin gwamnati ba sau ɗaya ba. Akwai wani ofis da suka kira shi intabiyu, ashe a saman bene ne ba lifta, sai da wasu samari suka cicciɓe shi suka hau da shi kowa yana kallo, ya dawo gida ranar ko abinci bai ci ba, kuma har yau shiru. Tambayata biyu ce. Shin gaskiya ne akwai dokar da ta ware wa masu buƙata ta musamman gurbin aiki? Sannan masu irin lalurarsa da suke zaune su kaɗai, ya kuke yi?

Mai Keke Uku:

Wa alaikumus salam Anti. Ni ma foliyo, wato shan-inna, ce ta same ni, kuma ina zaune a ɗakin haya tun kafin na yi aure, to bari in faɗa miki abin da na gani da idona. Maganar doka zan bar wa masu ilimi.

Kar ku fara da tambayar zai iya ko ba zai iya ba, ku fara da gidan. Gida ne yake sa mutum ya zama gurgu ko ya zama magidanci wlh. In za a je duba ɗaki kar a tura dillali shi kaɗai, kar ma ke ki je ba shi, a tafi da shi da kekensa. Abu na farko kwatar ƙofar gida, in akwai lambatu a gaban gidan ba kwalbati to kullum sai ya jira wani ya tsallakar masa da keke, kin ga ba a rabu da Bukar ba. Na biyu dokin ƙofa, wasu magina suna ɗaga shi sosai saboda ruwan sama, wannan buhun siminti ɗaya da ɗan yashi ya isa a yi masa gangare ciki da waje, amma a nemi izinin mai gida tun kafin a biya kuɗi, kuma a yi maganar gaban shaidu don akwai masu cewa ka ɓata musu gini ranar da za ka tashi. Kuma kar a bar birkila ya yi gangaren a tsaye, in ya yi tsini da yawa keke baya zai dawo da kai.

Amma babban abin shi ne ban-ɗaki, mutane suna jin kunyar maganar shi ya sa ake cutuwa. Mai rarrafe da hannu ba zai yi haɗaka da gidan haya mai ɗaki goma ba, inda kowa yake jiƙa ƙasa ya fita, ki tuna hannun da yake takawa da shi da shi zai ci tuwo. Gara ɗaki ƙarami a bayan gari mai ban-ɗakinsa a ciki da babban ɗaki a cikin gari na haɗaka. A sa masa ƙarfen riƙewa a bango, mai walda zai yi shi da guntun bututu, a sauko da kan famfo ƙasa, makunnin fitila da soket su ma a sauko da su daidai inda hannunsa yake kaiwa yana zaune, sakata ma haka. Ni gas ɗina ƙarami a ƙasa yake, randa a kusa da shi, ɗan garuwa kuma mun yi ciniki da shi na wata, yana shigowa har ciki ya juye. Maganar wa zai ɗebo masa ruwa da Hajiya take yi, to masu ƙafafun ma a Kano ai 'yan garuwa ne suke ɗebo musu.

Sai kuma a je a duba unguwar da damina, ko a tambayi masu shago na layin, don hanyar da take lafiya lau a watan Janairu a Agusta taɓo ne har gwiwa, keken hannu ba ya shiga. Shago kuma ya kasance kusa da ɗakin yadda zai je da kekensa, domin tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita ya zama abin da ya zama, ga wasu direbobin da sun ga keke sai su kau da kai, in sun tsaya ma sai su ce kuɗin mutum biyu. In ribar yini tana tafiya a kuɗin mota to aikin banza ake.

Ya kuma nemi 'yan'uwansa masu irin lalurar, kar ya ce shi ɗan boko ne. A Kano akwai ƙungiyar waɗanda foliyo ta shafa, su Aminu Ahmad Tudun Wada, sun daɗe suna ƙera keken guragu da hannunsu suna koya wa matasa walda, har ƙwallon para-soccer ake bugawa a kan allo mai taya. A irin wuraren nan ne za ka ji wane mai gida ne ba ya ƙyamar ba mu haya, wa yake gyaran sarƙar keke da araha, wane adashi ne ba a cinye kuɗin mutane.

Abu Hanif:

Maman Khairat eh akwai doka. Ita ce dokar haramta nuna wariya ga nakasassu ta 2018, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. A ciki aka ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu ga masu buƙata ta musamman, amma ki lura, an saka kalmar gwargwadon iko a wajen, kuma ta wannan ƙofar ake zillewa. Kamfanoni masu zaman kansu wannan kason bai hau kansu ba, sai dai haramcin wariya ya hau kan kowa, wanda ya karya in mutum ne tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan 1. An kuma ba gine-ginen da jama'a suke shiga shekara biyar su gyara yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024, to ki leƙa sakatariyar ƙaramar hukumarku ko bankin da kike zuwa ki ƙirga matakala da kanki.

Dokar ce ta kafa hukumar nakasassu ta ƙasa a 2020, James Lalu ya fara riƙe ta, a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan, shi ma shan-inna ce ta taɓa shi, kuma an san shi da ƙera kekuna a Jos yana rabawa. Jihohi kuma kowacce sai ta yi tata dokar, Kano da Kaduna da Jigawa suna da su. Shawarata ya yi rajista da JONAPWD reshen jiharku, ita ce uwar ƙungiyoyin nakasassu, saboda in an zo ɗaukar aiki ko rabon jari sau da yawa ta hannunsu ake neman sunaye. In zai cike fom ya rubuta lalurarsa ƙarara kar ya ɓoye, in an kira shi intabiyu ya rubuta takarda tun kafin ranar ya ce a sauko masa da ita ƙasa, ya ajiye kwafi. Ya riƙa leƙa NDE, hukumar samar da aikin yi, da SMEDAN, hukumar ƙananan sana'o'i, su ma don horon sana'a. Amma tsakani da Allah kar ya rufe shago ya zauna jiran takardar ɗaukar aiki.

Baffan Yara:

Ni dai ban ga laifin Hajiya ba, ku yara kuna ganin kamar tsoron banza ne. Matar nan ita ta goya shi har ya wuce shekarun goyo, ita ta san daren da ta kwana ba barci. Kuma maganar ɓarayi ba wasa ba ce, mai POS da tsabar kuɗi yake kwana, kowa a unguwa ya san ba zai iya bin mutum da gudu ba. Me zai hana a gyara masa ɗakin soro ko shagon ƙofar gida, a fasa masa ƙofa ta waje da ban-ɗakinsa, ya shiga lokacin da ya so ya fita lokacin da ya so, kuɗin hayar kuma ya zuba a jari. In kasuwa ta kankama sai a nema masa mata su tare a inda suke so. Albarkar uwa ta fi ɗakin haya.

Malama Ummu Sadik:

Baffa Allah ya ƙara girma, shawararka tana da kyau in gidan yana da fili, amma bari in ƙara wani abu da ba a taɓo ba. Ni makauniya ce, ina koyarwa, wannan rubutun ma da TalkBack nake yinsa, wayar tana karanto min ina bugawa.

Ni abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya a gidanmu ba bango ba ne ba matakala ba, tausayi ne. Lokacin da na fara ɗaukar albashi katina yana hannun wani yayana, shi ya san lambar sirrin, shi yake cirowa ya yi min siyayya, kuma wallahi bai taɓa cin min ko sisi ba, amma ban san farashin sabulu ba, ban san yadda ake tsara kuɗi su kai ƙarshen wata ba, in ina son ba ƙawata gudunmawar biki sai na yi bayani kamar mai roƙo. Ranar da na karɓi katina aka yi ta fushi da ni wai na raina ɗawainiyar da ake min. To irin wannan ne nake jiye wa ƙaninki a ɗakin soro, jikinsa yana waje amma aljihunsa da shawararsa suna cikin gida, baƙonsa sai an tambayi ko wane ne, in ya kai ƙarfe tara a waje a aika yara nemansa. In za a yi na soron a yi shi da sharaɗi, asusun banki nasa, makulli nasa, ya riƙa ba da nasa kason na cefane da kuɗin wuta kamar kowane namiji a gidan, Hajiya kuma ta daure ta karɓa ko ba ta so.

Masu kawo mana addini kuma su tuna Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ladanci yake yi, kuma Annabi SAW ya sha barin sa ya kula da Madina in zai fita. Ba a ajiye shi a ɗaka ana kai masa abinci ba. Mu nan muna da sarkin makafi da sarkin guragu tun kaka da kakanni, tsari ne babba na taimakon juna, sai dai an bar shi ya tsaya a kan bara da rabon zakka, yaro mai NCE ba abin da yake nema ke nan ba.

Sannan 'yar'uwa kar ki ji haushi, ke kika zo tambaya a madadinsa, ko shi ya san kin rubuto? Ki ba shi wayar ya karanta da kansa.

Maman Khairat:

Malama kin kama ni, bai sani ba, amma yanzu na tura masa duka. Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Baffa gidanmu ba soro, gidan gado ne an yanka shi, lungun ma kekensa da ƙyar yake shiga, shi ya sa tun farko yake maganar fita. Ya ce akwai wani ɗaki da shago a jikinsa a bakin titi kusa da gidan ƙanwar Hajiya, ina ganin ta nan za mu ɓullo mata tunda 'yar'uwarta za ta riƙa ganinsa. Mai Keke, ƙanen nawa yana tambaya wai batun tsabar kuɗin POS da Baffa ya faɗa ya kake yi da shi?

Mai Keke Uku:

Ba na kwana da su. Kafin magariba nake miƙa wa mai kantin kayan masarufi na kusa da ni ya tura min ta asusu, da safe in karɓi tsaba a wajensa ko wajen mai gidan mai, kowa ya huta. Shagon kuma a sa masa kanta mai ƙarfe da taga, kantar a yi ta daidai tsayinsa yana zaune ba irin ta masu tsayuwa ba, ya sami yaro ɗaya amintacce mai zuwa kasuwar waya ta Farm Centre siyo sikirin da batir, amma ciniki da lissafi kar ya bar wa kowa. In gyaran wayar yana kawo kuɗi ma ni da zai ji tawa ya fara da shi da caji tukuna, POS ɗin ya biyo baya in ya san mutanen layin. Ku je ku ga ɗakin tare da ƙanwar Hajiyar, ku tafi da birkila ya auna ƙofar ban-ɗakin kafin a ba dillali ko kwabo.