Neman kalma: me za mu kira "volume" a lissafin aikin likita?

Salamu alaikum ƴan Damagaram. Ina fassara wani shiri na rediyo kan yadda INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ke lissafin PIB, wato jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara, na zo kan "volume de la production" na ɓangaren lafiya na cije. Ku taimaka min.

Ga abin da ake nufi. A kasuwar Dole in tiyar hatsi ta tashi daga jaka guda ta koma jaka da rabi, cinikin mai awo ya ƙaru amma hatsin da ya auna bai ƙaru ko tiya guda ba. Volume shi ne hatsin, ba kuɗin ba. To likita ta gwamnati fa? Tun 2006 yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba su a Nijar, babu farashin da za ka kama, shi ya sa a da ko'ina a duniya sai a tara albashi da kuɗin magani a ce shi ne aikin, wato in an ƙara wa majoro, shugaban ƙaramar likita ta CSI, ma'aikata, a takarda CSI ɗinsa ta ƙara aiki ko da yaro guda bai ƙaru a layi ba. Tsarin lissafin MDD na 1993 ya ce a auna aikin kansa, Ingila ma sai da masanin tattalin arziki Atkinson ya rubuta musu rahoto a kai a 2005.

Wani malami ya ce min "yawan aiki". Malam ka yi haƙuri, yawa ƙirga ne kawai, wankin ciwo guda da fiɗar haihuwa guda duk ɗaya ɗaya ke nan, alhali masu lissafi kowanne suna ba shi nauyi gwargwadon abin da yake ci.

"Nauyin aiki" kuma mai saurare zai ji wahalar ma'aikata ake faɗi. "Ƙima" ta maida mu kan kuɗi. Na so "awo" sosai, yayata ungozoma ce ta yi min dariya ta ce ai kai in ka faɗi awon likita a rediyo gobe da safe masu ciki za su cika mata benci da katin awonsu a hannu.

Ita ce ma ta kawo "auki". Ta ce shinkafa tiya guda wata ta cika tukunya wata ko rabi, kuɗi ɗaya, auki daban. Kuma dama muna cewa aikin wane ba ya auki. Wallahi ta zauna min, don ta ɗauko yawa ta ɗauko kyan aikin, wanda shi ne wurin da masu lissafin ma suke fama, yaron da aka duba ya warke da wanda ya dawo bayan kwana uku.

Na rubuta "aukin aikin lafiya". Mai karanta labarai ya gwada sau biyu harshe ya harɗe, na uku ya wuce. Ranar Laraba za mu naɗa, mai kalmar da ta fi wannan ya ajiye ta nan kafin Talata da dare.