Abin da aka tattauna kan farautar barewa da bakan hannu a Amurka

Na tattaro bayanan da suka fi maimaituwa a wata tattaunawa da maharba suka yi kan wannan batu.

1. An yi ittifaƙi cewa baka sassaƙar hannu ba ya kai nisa. Kada ka saki kibiya in tazarar ta wuce yadi 20.

2. Itacen baka: yawanci sun zaɓi osej, wasu hikori don ya fi sauƙin samu (duka biyun itatuwa ne na Amurka). Amma kowa ya ce sai ya bushe sosai kafin a sassaƙa.

3. Inda aka fi daɗewa shi ne bin sawun barewa bayan an harbe ta, kuma ni ma nan na fi ƙaruwa. Jini mai haske da kumfa na huhu ne. Ka jira kamar minti 30 kafin ka bi ta. Mai duhu na hanta ne, sai an yi sa'o'i. In kibiyar ta fito da wari da ɗanyen abinci, tumbi ta taɓa, a bar dabbar ta kwanta tukuna. Gaggawa ke tayar da ita ta yi nisa. Ka sa alama inda ka ga ɗigon ƙarshe.

4. An rabu kan ruwan sama. Wasu sun ce a bi nan take kafin jini ya wanke, wasu sun ce haƙuri dai.

5. Kan bin sawu da kare ma an rabu, don dokar kowace jiha daban.

Wani ya tambayi batun dafi, irin wanda maharbanmu ke shafa wa kibiya. Aka ce can kaifin tsini ake dogara da shi.