Muhawara: Starlink ne kaɗai mafita ga intanet na gida a Maradi?

Alhaji mai shagon kayan waya, Babbar Kasuwa:
Salamu alaikum jama'a. Maganar da na yi jiya a shago ita zan maimaita a nan, tun da wasu sun ce na cika baki. Duk magidancin da ke son intanet a gidansa a Maradi yau, ya sayi Starlink, intanet ɗin nan da ake kamowa daga tauraron ɗan'adam da faranti a kan rufi, ya huta. Akwatin wifi mai SIM, ko na wane kamfani ne, zubar da kuɗi ne. Ka sayi forfe na wata, yara su cinye shi tun wata bai raba ba, ka sake saye. Tun watan Maris na 2025 aka buɗe Starlink a Nijar, babu sauran uzuri. Mai ja, ga fili ga mai doki.

Malama, unguwar Ali Ɗan Sofo:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ina ja, kuma da ƙarfi. Ka ce duk magidanci. Gidan da ake lissafin kuɗin cefane kullum safe ma yana ciki? Kafin a yi maganar kuɗin wata sai an sayi farantin da akwatinsa, kuɗin da ya fi albashin wasunmu. Akwatina mai SIM yana kan taga, da shi nake tura wa ɗalibai darasi, da shi maigida ke kiran ɗan'uwansa da ke Aljeriya. Watan da hannu ya yi ƙunci sai mu sayi ƙaramin forfe, ba wanda ya bi mu bashi.

Alhaji mai shagon kayan waya:
Malama, ki tara abin da kike kashewa a forfe na shekara guda ki faɗa mana. Yawancin mutane ba su lissafi ne, don kuɗin na fita jikka jikka.

Ɗan jami'a, Dan Dicko Dankoulodo:
Ni ina bayan Baba Alhaji, amma bari in kawo dalilin da bai faɗa ba. Eriyar da ke unguwa rabawa take yi. Duk wayoyin da ke kewaye da ita daga ƙarfi guda suke ja. Shi ya sa da asuba akwatin SIM ke gudu, amma bayan isha'i, lokacin da kowa ya kwanta da waya a hannu, takarda guda ta gagara saukowa. Ni aikin kammala karatuna ya sha tsayawa saboda haka, sai in jira ƙarfe biyu na dare. Starlink ba ya bi ta eriyar unguwa. Taurarinsa suna shawagi a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, ba irin na dā da ke can kilomita 36,000 ba, shi ya sa magana ta bidiyo ba ta jinkiri.

Mai haɗa sola, unguwar Zariya:
Ƙanena, gaskiya ka faɗa game da eriya, sai dai ka tsaya a rabin hanya. Shi ma sama ana raba shi. Kowane yanki yana da iyakar abin da taurarin ke iya ba shi. A Najeriya, inda suka fara aiki a Afirka tun Janairun 2023, sai da kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu rajista a Legas da Abuja a ƙarshen 2024 saboda wuri ya cika. Gudun da kuke gani a Maradi yanzu na ƙarancin masu shi ne. In kowa ya bi shawarar Alhaji, gudun zai ragu.

Amma wannan ba shi ne babban abin da ke damuna ba. Ni sana'ata wuta ce, kuma kullum sai an kira ni gidan da aka sayi farantin ba a yi tunanin kuran ba. Babban farantin da akwatinsa suna cin wat 75 zuwa 100. In ka bar shi a kunne dare da rana, wajen kilowat 2 kenan kullum. Akwatin SIM kuwa wat 10 ne ko ƙasa, wasu ƙanana ma da batirinsu a ciki, ka sa a aljihu. To mu nan mun san yadda wutarmu take. Babban layin da ke ciyar da Maradi daga Katsina yake shigowa. Kowa ya tuna watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar, yadda muka kwana muka tashi. Ko ba takunkumi, Afrilu da Mayu in zafi ya kankama kun san yadda Nigelec ke rabon wuta unguwa unguwa.

Ga lissafin da nake yi wa duk wanda ya zo. Awa 10 ba wuta, a wat 100, wat-awa 1,000 ake bukata. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1,200 a rubuce, kuma irin na gubar nan da aka fi samu a kasuwa ba a son a zuƙe shi fiye da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan batir biyu, ga inbata, ga sola da za ta cika su da rana. Wannan kuɗin ba wanda ke faɗa wa mai saye. Na shiga wani gida makon jiya, farantin na kan rufi an ɗaure shi da kyau, an ja waya ta taga, akwatin na kan firij an lulluɓe shi da ɗankwali don ƙura, a kashe. Wuta ta ɗauke tun azahar. Maigidan yana tsakar gida yana neman rezo da SIM ɗinsa.

Alhaji mai shagon kayan waya:
Ai akwai ƙaramin, Mini. Wat 25 zuwa 40 yake ci. Kai ma ka sani, me ya sa ba ka faɗa ba?

Mai haɗa sola:
Haka ne Alhaji, Mini ya rage matsalar sosai, kuma shi nake ba mutane shawara in dai sun dage. Amma wifi ɗinsa a jikin farantin yake, a waje. In gidan babba ne mai sassa, sai an ƙara wani akwati a ciki.

Baba mai ritaya, Bagalam:
Yara, ku bar ni in sa baki. Na yi amfani da wayar tangaraho tun zamanin Sonitel, kafin a haɗe ta da SahelCom a 2016 a samu Niger Telecoms. Abin da na sani shi ne, intanet da ya shigo ta waya a ƙasa ya fi kowane kwanciyar hankali. Wayar fiba ba ta damu da hadari ba, ba ta damu da yawan masu waya a unguwa kamar eriya ba. Wanda layin ya biyo ta ƙofar gidansa, ya fara zuwa ya tambaya kafin ya kalli sama. Sannan Niger Telecoms kamfanin ƙasa ne. Kuɗin Starlink da kuke turawa Amurka kowane wata, wa zai gina mana layi da su?

Ɗan jami'a:
Baba, da girmamawa. Airtel ta Indiya ce, Moov Africa ta Maroko ce. Zamani ma a 2019 ta karɓa daga hannun Orange ta Faransa. Mun daɗe muna tura kuɗi waje ba mu ce komai ba. Sannan fiba ɗin ma ba daga Nijar take tsirowa ba. Ba mu da teku, dole layinmu ya ratsa maƙwabta kafin ya kai ga manyan wayoyin da ke ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024 da waɗannan wayoyi suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun wuni a rikice. Mai faranti a kan rufi yana da wata hanya daban.

Baba mai ritaya:
Ɗana, ka yi karatu, Allah ya ƙara basira. To ka san don irin wannan ake aikin layin fiba na ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi, don a haɗa mu da Aljeriya da Chadi da Najeriya, kada ƙofa ta zama guda. Su waɗancan kamfanonin da ka lissafa, ko na waje ne, suna da ofis a garin nan, suna ɗaukar ƴaƴanmu aiki, masu sayar da kati a bakin titi suna cin abinci. In abu ya lalace ka san inda za ka je ka zauna har a saurare ka, in sun ƙi akwai ARCEP da ke sa musu ido. Shi kuwa Starlink ta manhaja ake rubuta koke. Dattijo irina da ba ya jin Turanci, wa zai rubuta masa?

Ma'aikaciyar lafiya, wani ƙauye a yankin Dakoro:
Ku yi haƙuri, ni ba a cikin gari nake ba amma ina karanta ku. Duk gardamarku ta masu zaɓi ce. A nan inda nake aiki, sai na hau tudun bayan asibiti na ɗaga waya sama kafin rahoton wata ya tafi. Fiba kam ko labarinta babu. Wani ɗan garin da ke fatauci ya kawo farantin nan ya haɗa da sola, yanzu matan da mazansu ke Libiya da Legas a ƙofar gidansa suke taruwa da yamma su yi magana ido da ido. A nan maganar Alhaji gaskiya ce ɗari bisa ɗari. Kada ku raina abin saboda ku kuna da eriya a bayan gida.

Malama:
Yaya, wallahi ba raini. A wurinku rahama ce, kuma na yi murna da jin haka. Abin da ya tayar min da hankali kalmar nan ce ta Alhaji, wai akwatin SIM zubar da kuɗi ne. Mutum zai karanta ya je ya ci bashi ko ya kwashe kuɗin adashen matarsa, alhali bukatar gidansa WhatsApp ce da ɗan kallon wa'azi. Kiran murya na WhatsApp bai kai mega guda a minti ba. Abin da ke cinye forfe bidiyo ne, awa guda na kallo mai kyawun hoto na iya lashe giga guda ko fiye. Gidan da ya rage ingancin hoton bidiyo ya kashe saukar da hotuna kai tsaye, zai ga bambanci a watan.

Kuma da yawan masu kuka da rezo ba kamfanin ne ba, wurin ajiye akwatin ne. Maƙwabciyata ta sa nata a ƙuryar ɗaki bayan kwaba, katangar siminti ta ko'ina, rufin kwano a sama. Muka fito da shi muka ɗora a tagar da ke kallon eriya, nan take ya canza. Ni kafin in zaɓi layin da nake kai, aron SIM na yi daga ƴan'uwa, kowane kamfani na gwada shi a cikin ɗakina da dare. Wanda ya fi ƙarfi a Ali Ɗan Sofo ba lallai shi ne ya fi a Soura Bildi ba.

Hajiya, Mokoyo:
Ni tambayata daban ce. In aka ce intanet ba iyaka, dare da rana, yaran fa? Yanzu forfe in ya ƙare dole su ajiye waya su ɗauki littafi ko su tafi makarantar allo. Wannan abin ya fi kuɗin damuna.

Ɗan jami'a:
Inna, ana iya dakatar da wayar kowane yaro daga manhajar akwatin, ko a canza lambar sirri, ko a kashe shi bayan isha'i. Yawancin akwatunan SIM ma suna da wannan. Sai dai dole ya zama babba ne ke riƙe da lambar, ba a bar wa yaron da ya haɗa ba.

Alhaji mai shagon kayan waya:
Na ji kowa. Maganar kuran na karɓa, daga yau duk wanda ya zo saye zan tura shi wurin mai sola ya yi masa lissafi tukun. Amma ban janye ba. Malama tana maganar tsada kamar gida guda ne zai biya. Gidajenmu na gandu ne, wa da ƙane da matansu a katanga ɗaya. Magidanta huɗu su haɗa hannu su sayi guda, kuɗin wata ya rabu huɗu, kowa ya daina sayen forfe. Nan fa wa ya fi arha?

Mai haɗa sola:
A cikin gida ɗaya wannan lissafi ne mai kyau, na haɗa wa irinsu kuma suna jin daɗi. Abin da zan ja kunne a kai shi ne masu jan shi zuwa titi suna sayar da tikiti. Rajistar gida ba ta sayarwa ba ce a ƙa'idar kamfanin, ana iya rufe maka. Sannan a duba sama kafin a saya. Farantin yana son fili, bishiyar darbejiya ko benen maƙwabci in ya tare shi zai dinga yankewa. Manhajarsu tana da wurin da ake ɗaga waya a auna sararin, kyauta ne. Da damina kuma, in ruwa mai ƙarfi ya sauko yana iya tsayawa har hadarin ya wuce.

Malama:
Alhaji, haɗin gwiwar na da kyau har ranar da ɗaya ya ce wannan watan ba shi da shi. Waye zai cika? Mun ga yadda kuɗin mitar wuta guda ke haɗa ƴan'uwa faɗa. Kuma ko da farantin a gida, da ka fita kasuwa sai ka sa forfe a waya, don haka ba a daina saye gaba ɗaya ba. A sa wannan ma a lissafi.

Alhaji mai shagon kayan waya:
To mu gwada a gani. Ina da Mini a shago. Zan ba yarona ya kawo gidanku ranar Juma'a, maigidanki yana nan, a ajiye shi kusa da akwatinki, a auna gudun kowanne a turo mana nan.

Malama:
Na yarda, zan faɗa wa maigida. Amma ya zo bayan isha'i, lokacin da rezo ya fi cunkushewa, kuma ya bar shi ya kwana biyu don mu ga yadda zai yi in an ɗauke wuta. Mai sola, don Allah ka zo da abin auna wutarka.

Mai haɗa sola:
In sha Allahu zan zo. Alhaji, a haɗo da doguwar wayarsa, akwai darbejiya a tsakar gidan, sai mun hau rufi.